Rumfar da Baba Ya Ɓata da Hannunsa

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Rahila. A irin wannan lokaci ta tafi, gero ya nuna, ana ɗaure dami a gonakin Kurfai, tsuntsaye sun ƙoshi har ba sa gudun mutum. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta, amma duk abin da na fara sai in ga ya fi ta tsayi ko ya fi ta nauyi. Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya, ba ta da haƙurin dogon yabo. Saboda haka zan ba da labarin yini ɗaya, da ɗan abin da ke kewaye da shi.

Waɗanda suka san Filinge a farkon zaman Nasara za su tuna ta. Bayahudiya ce daga ƙasar Tunas. Ta biyo mijinta, wani mai sayar da yadi, ba da daɗewa ba bayan an kafa bariki, lokacin da bakin tsofaffinmu bai gama sabawa da kalmar kwamanda ba. Mijin ya rasu, kowa ya ɗauka za ta koma gida, ba ta koma ba. Ta fito da keken ɗinkinta bakin ƙofa, ta koyi Hausarmu har da baƙar maganar kasuwa. A gidanta aka sauke ni da aka ce garinmu ya ba da yara lakkwal, wato makarantar Nasara, sunana ya fito a ciki. Babana Arzika manomi ne a wani ƙauye kusa da Tabla, shi yake kai mata gero kowace shekara. Ya ce in dai dole ne ɗiyarsa ta zauna bariki, to ta zauna gidan matar da ya ga tana wanke hannu kafin ta ci abinci, tana kuma ambaton Allah bayan ta ci. Shekara bakwai na yi a ɗakinta.

Mutanenta ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a warwatse suke. Akwai mai sayen fatu a Tawa, akwai mata da miji masu kanti a Doso, akwai 'yan kaɗan a Yamai: magatakarda, direban babbar mota, da wata mai karɓar haihuwa. Ba su da ɗakin ibada, ba su da unguwa, kowa yana zaune shi kaɗai a tsakiyar mutanen da suke gaishe shi da fara'a amma ba su san ranar idinsa ba. Inna Rahila ce ta ɗauki nauyin tara su. Ba wanda ya zaɓe ta, ba wanda ya biya ta. Sau huɗu ko biyar a shekara takan kira su, su fita daji. Wani lokaci su hau duwatsun da ke bakin kwarin Dallol, wani lokaci su yi arewa wajen Sanam su kalli makiyaya suna shayar da raƙuma, wani lokaci kuwa tsinkar magarya kawai za su yi su dawo da ƙaya a tufafi.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta tara su a tsakar gida, ga inuwa ga ruwan sanyi. Ta ce ta gwada. In ta zaunar da su wuri ɗaya, kafin shayi ya huce mutanen Maroko da na Tunas sun fara gardamar wa ya fi iya karatun addu'a, amma in suna hawan tudu numfashi ba ya isar su faɗa. Na tambaye ta kuma me ya sa ba a zuwa da yara. Ta ce yara suna fita da kansu, manya ne sai an ja su.

Ni nake rubuta mata wasiƙun gayyatar da Faransanci, tana faɗa tana ɗinki. A nan na ga yadda ake riƙe mutanen da ba abin da ya ɗaure su sai ganin dama. Takan gaya wa na Doso cewa na Tawa ya tambayi lafiyarsa, ta gaya wa na Tawa cewa in ba shi tafiyar ba ta daɗi, kuma duka biyun gaskiya ne, sai dai ita ta sa aka yi tambayar. Kowa tana ba shi aiki ɗaya, ba ta ba shi biyu. Direba Ishaƙu shi ne da mota. Matar mai kanti ita ce da burodi. Magatakarda, wanda bai iya komai da hannunsa ba, ta ba shi ƙirga kawuna in za a tashi, ya riƙe aikin nan kamar sarauta. Akwai masu cewa za su zo ba su zo ba, akwai masu zuwa su yi ta ƙorafin rana. Na sha ganin ta dawo ta kwanta rub da ciki a tabarma ta ce wannan ne na ƙarshe. Bayan kwana uku sai in ji ta ce, “Zainabu, ɗauko alƙalami.” In ana tafiya kuwa, duk saurinta, ita ce ta baya, kusa da wanda ya fi kowa nauyin ƙafa, tana yi masa hira don kada ya lura an bar shi.

Wanda ya fi kowa nauyin ƙafar shi ne Tsoho Dawuda, mai sayen fatun Tawa. Shi kaɗai ya san addu'o'insu da ka, shi kaɗai yake yi musu yanka yadda addininsu ya ce. Ba mai faɗa ba ne, amma in ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba, kuma duk masu furfura a cikinsu shi suke kallo kafin su zauna. Inna ta san in ya daina zuwa, rabin mutanenta sun daina.

Suna da wani idi da yake faɗowa daidai kaka, wanda suke barin ɗaki su ci abinci a rumfa, don tuna kakanninsu da suka yi shekaru suna yawo a hamada ba gida. Kullum a tsakar gidanta suke yin rumfar, a matse tsakanin randa da akurkin kaji. Wata shekara, ina da sha bakwai, ta ce ta gaji da yin idin daji a cikin gari. Ta aike ni wurin Baba in roƙa mata wuri a gonarsa, da rumfar kara mai ɗaukar mutum goma sha biyu, a fili, rufin sama-sama, kada a wahala.

Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Baba ya saurara, ya yi murmushi, ya ce ya ji. Abin da ya ji kuwa daban ne. A wurinmu baƙo ba ya faɗin abin da yake so, rabinsa yake faɗi, mai gida ya cika sauran. In baƙo ya ce ruwa ya ishe shi, fura ake damawa. Da matar da ta riƙe masa ɗiya shekara da shekaru ta ce a fili, sama-sama, kada a wahala, Baba bai ji komai a ciki ba sai kawaici. Ga shi kuma duk yankinmu an san shi da rufi. Rumbun da ya rufe ba ya yoyo, ana zuwa daga wasu garuruwa a roƙe shi ya ɗora hannu. Ya yi kwana huɗu yana aikin. Ya zaɓi gindin babban gawon da ke tsakiyar gonarsa, wanda ya fara sabon ganye, ya kafa rumfar a nan. Ya shimfiɗa zana a sama, ya ɗora kara a kanta, ya sake ɗora wani, ya ɗaure tamau. In ka shiga ciki da tsakar rana sai ka ce asuba ce. Ni kaina da na gani na yi murna, domin ban san dalilin saƙon ba, ban kuma tambaya ba. A lokacin hankalina ya fi zama wurin gajimare da waƙoƙin littafin lakkwal.

Motar Ishaƙu ta iso bayan azahar, ranar da idin zai shiga da faɗuwar rana. Daga faɗuwar ranar nan ba sa aiki, ba sa tafiya, ba sa ɗaura ko kwance komai. Rabin garinmu ya fito kallo. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya aje kaji shida a ɗaure da ƙwaryar gyaɗa da kankana, ya tsaya a bakin rumfar yana jiran a yaba.

Tsoho Dawuda ya sauko, ya gaisa da kowa, ya shiga rumfar. Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Ya fito ya dubi gawon. Ya koma ya zauna a matakin mota, ya ɗora ƙunshinsa a cinya.

A nan na fara jin ƙa'idar, ana raɗa ta da Larabci da Faransanci. Rumfar idin nan ba a yin ta ƙarƙashin itace. Kuma rufinta dole ya zama na gaggawa, wanda ake hango sama ta cikinsa, wanda in ruwa ya zo zai taɓa mutum. Abin da ake so ke nan, a zauna inda aka san ba rufin ne yake tsaron mutum ba. Duk abin da Baba ya yi don girmama su, shi ne ya ɓata ta.

Mutanen suka rabu biyu nan take. Masu ƙuruciya suka ce wa zai gani, mutum ya yi wahala, a zauna a sha inuwa. Tsoho Dawuda ya ce shi ba ya hana kowa, amma a mayar da shi Filinge tun rana ba ta faɗi ba, zai jingina kara biyu a bango ya ci abincinsa. Masu furfura suka fara tattara kayansu. Ni kuwa ina kallon Baba. Bai ji harshen ba, amma ya ga ba wanda ya zauna, ya ga mutanen gari sun ga ba wanda ya zauna. Murmushinsa yana nan, sai dai ya bushe. Na san in motar nan ta juya, har ya mutu za a riƙa cewa baƙi sun ƙi rumfar Arzika, kuma ba zai sake kallon Inna Rahila a ido ba. In kuwa aka zauna aka bar tsohon ya tafi, tafiyar dajinta ta ƙare.

Abin da ta fara yi shi ne ta raba aiki. Ta tura mata wanke kwanuka, ta sa magatakarda ya ƙirga tabarmi. Ta je wurin Tsoho Dawuda ta ce masa ko a nan za a kwana ko a Filinge, kajin nan ba za su yanka kansu ba, ga rana tana tafiya. Ya dube ta, ya sauke ƙunshin, ya ɗauko wuƙarsa. Da ta ga kowa ya sami abin da zai riƙe hannunsa, sai ta kira Baba gefe, bayan rumbu, inda ba mai jin su sai ni.

Ta ce, “Malam Arzika, in tambaye ka. Da wani zai so ka ƙwarai, ya nemo ragon da ya fi kowane ƙiba a Kurfai, ya yanka maka shi tun jajibiri don ya hutar da kai, ka yi layya?”

Baba ya ce, “Na dai ci nama.”

“To mu ma yau inuwa kawai za mu sha.”

Ta bayyana masa ƙa'idar a hankali, har da dalilinta. Ya tambaye ta mi ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce laifinta ne, ta faɗi abin amma ba ta faɗi dalilinsa ba, domin ta daɗe a cikin mutanen da ba sa tambayarta komai na addininta, har ta manta ana bayani. Baba ya ce shi ya ɗauka kunya ce.

“Shekara nawa ina hana ka sakat a kan tsakuwar cikin geronka,” in ji ta, “yau ka ce kunyarka nake ji?”

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya leƙa ta gefen rumbu ya dubi taron. Ya gane abin da ake roƙonsa ya fi na farko wuya. Ana so mutumin da aka sani da rufi ya hau, a gaban garinsu, ya yi rufi mai yoyo da gangan. Ba ta matsa masa ba. Ta ce in ya ga ba zai iya ba, ita za ta fita ta gaya wa mutanen gari cewa ita ta yi kuskure, rumfarsa kuma ba a taɓa yin kamarta ba. Ya ce wannan ba zai hana a ce an ƙi ta ba. Ya cire rigar Juma'ar ya miƙa mini.

Ya kira maza takwas. Aka tone ginshiƙan, aka ɗaga rumfar sukutum aka fita da ita daga gindin gawo zuwa inda aka riga aka girbe, wurin da babu ko inuwar tsuntsu. Hassan, wani Bazabarme maƙwabcinmu da suke wasa da Baba tun suna yara, ya tambaya da ƙarfi ko iskokin gawon ne suka ba da wa'adin tashi. Baba bai kula shi ba. Ya hau, ya kwance igiyoyin da ya yi kwana huɗu yana ɗaurawa, ya janye zanar ya jefo ƙasa, ya fara jera kara sako-sako. Sai ya ce a kira masa tsohon ya tsaya a ciki, shi zai faɗi in ya yi.

Wannan ne abin da na fi son tunawa. Tsofaffi biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, rana tana gangarawa, ba su da harshe ɗaya sai 'yar Hausar cinikin fatu. Tsoho Dawuda yana cewa rage, Baba yana zarewa, fuskarsa kamar wanda ake cire wa haƙori. Hassan yana cewa rumfar nan ko kaza ba za ta yarda ta yi ƙwai a ciki ba, Arzika ya tsufa. Baba ya fusata ya kwashi kara rungume guda ya watsar. Sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce a'a, ya yi yawa, a mayar, dole inuwa ta fi rana. Baba ya tsaya cak a kan rumfar, ya juyo wurin taron.

“Kun ji ko? Ashe abin da gwargwado. Hassan, in kana ganin wasa ne, hau ka gwada.”

Hassan bai hau ba. Daga nan kallon ya sake. Mutane suka matso suna ba da shawara, wannan ya ce a matsa can, wancan ya ce a ƙara nan, Baba yana korar su yana cewa aikin masu ido ne. Da tsohon ya ce ya yi, rana ta kusa taɓa kan duwatsu. Ya shiga ya zauna, masu furfura suka bi shi. Hasken yamma ya sauko ta tsakanin karan ya zana musu layi-layi a fuska da tufafi. Inna Rahila ce ta shiga a ƙarshe. Mu muka koma gari sallar magariba, muryarsu tana bin mu a baya har bakin rijiya.

Idi biyu ta ƙara yi a gonarmu, sannan ta kwanta ciwon da bai bar ta ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Hanyar Yamai ta fi da kyau, tafiyar da take cin kwana biyu yanzu yini ce, amma mutanenta sun fi da wuyar taruwa. Shekarun babban yaƙin Nasaran nan sun taɓa su. An raba wasu da aikinsu ba laifin komai, wasu sun koma ƙasashensu, Tsoho Dawuda ya rasu a Tawa. Ina jin za ta yi baƙin ciki na kwana uku, sannan ta nemi alƙalami. Ina jin kuma za ta yi mini faɗa, domin na zama malamar lakkwal amma har yanzu yara suna kama ni ina kallon taga. Abu ɗaya na ɗauko daga gare ta da na tabbata nawa ne yanzu: ba na ba yaro umarni ban gaya masa dalili ba, ko da ina ganin a fili yake.

Tafiyar dajin ba ta mutu ba, ta dai rame. Matar Ishaƙu ce take riƙe da ita. Ba ta da bakin Inna, wasiƙunta gajeru ne, kuma ta gaya mini ita ma kowace shekara tana rantsuwa ta bari. Hawan duwatsu sun daina, gwiwoyi sun ƙi. Amma idin kaka suna zuwa, wata shekara su bakwai, wata shekara su uku. A garinmu ba mai fitowa kallo kuma. Mata suna aika gyaɗa ba a tambaye su ba, yara sun san kwanakin nan ba a roƙon baƙin su kunna wuta ko su ɗaga kaya. Ba wanda ya bar addininsa, ba wanda ya nemi wani ya bari. Ban san ko wannan babban abu ne a idon masu karatu ba. A idona ya isa a ce mace ɗaya ta bar shi a bayanta.

Makon jiya wasiƙa ta zo, su biyar ne bana. Na kai wa Baba labari. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi hazo, yayyena sun hana shi hawa ko rumbu. Suka ce bana su za su yi rufin, ya zauna ya huta. Ya bar su suka kafa ginshiƙai, suka kewaye da zana, suka jera kara. Ya shiga ya ɗaga kai, ya daɗe yana dubawa.

“Kun iya aiki,” in ji shi. “Shi ya sa bai yi ba. Ku kawo mini tsani.”